Abin da 7.35 ta koya mini game da ragowar rabawa

Shekara uku ke nan ina zama da yaran danginmu a Makka bayan sallar la'asar, ina taimaka musu da lissafi domin jarrabawar Ƙudurat, wadda cibiyar Ƙiyas take shirya wa ɗaliban sakandare masu neman shiga jami'a a Saudiyya. Ba a shiga ɗakin jarrabawar da kalkuleta, don haka duk abin da yaro bai gane tushensa ba, to, zai tsaya masa a wuya.

Akwai wata tambaya da na daɗe ina koyar da ita ba daidai ba. Ana cewa an raba cikakkiyar lamba da wata cikakkiyar lamba, amsa ta fito 7.35, sai a tambayi wace ce za ta iya zama ragowa tsakanin 10 da 20 da 28 da 30. Yaranmu sun saba da kuɗin ƙasar nan, inda halala 100 take riyal ɗaya, saboda haka da sun ga 7.35 sai su karanta ta riyal bakwai da halala talatin da biyar, su shiga neman 35 a cikin zaɓin. Ni ma abin da nake faɗa musu bai wuce haka da yawa ba: 0.35 ita ce 35 bisa 100, don haka ragowa 35 ce, ko 70, ko 105.

Ɗan yayata ne ya gyara mini. Ya ɗauki fensir ya raba 147 da 20 a bayan takardarsa, ya turo mini ita ya ce, "Kawu, ai nan ma 7.35 ce, amma bakwai ne ya rage." Na duba, na sake dubawa, na ga gaskiyarsa, domin 20 sau bakwai 140 ne, saura bakwai.

A daren nan na zauna na bi abin daki-daki. Abin da ke bayan ɗigo ba ragowar ba ce, ragowar ce bayan an raba ta da lambar da aka yi rabon da ita, kuma tambayar ba ta bayyana wannan lambar ba. Kuskurena shi ne na tsaya a 35 bisa 100 ban rage ta zuwa ƙarshenta ba. Idan aka raba sama da ƙasa da biyar, za a samu 7 bisa 20, wanda ke nuna cewa lambar rabon tana iya zama 20 ko 40 ko 60, ragowa kuma ta bi ta a matsayin 7 ko 14 ko 21. Ashe 35 ɗaya ce kawai cikin jerin, wadda ke fitowa idan an raba 735 da 100. A zaɓin nan huɗu kuwa, 28 ce kaɗai bakwai ke raba ta ba saura, kuma 588 a raba da 80 ya tabbatar da ita.

Abin ya dame ni ƙwarai, domin akwai yaran da suka riga suka shiga jarrabawa da ƙa'idata mai giɓi. Yanzu ba na barin kowa ya duba zaɓi sai ya rage kason har ya ƙi raguwa, sannan ya ƙirƙiro lambobi biyu na kansa ya gwada da hannu. A makon jiya na ba su 5.125, wata ƙanwar ɗan yayata ta rage 125 bisa 1000 zuwa 1 bisa 8, ta ɗago kai ta ce kowace cikakkiyar lamba daga ɗaya zuwa sama tana iya zama ragowa a nan.