Daga Mofti zuwa Tumbutu: Baƙin Hayaƙi a Bayan Finas

Mun bar tashar ruwan Mofti a ƙasar Mali da hantsi a watan Nuwamba, lokacin da kogin Neja ke cike maƙil. Jirginmu finas ne, irin dogon kwalekwalen katako mai rumfa, an danƙara masa shinkafa da siminti za a kai Tumbutu. Injinsa na dizal ne a girke cikin ciki, ƙarfin doki 80, kuma farantin da ke jikinsa ya nuna zagaye 2,500 a minti ɗaya. Tun kafin mu yi nisa da mahaɗar Bani da Neja kunnena ya ba ni cewa da matsala: matuƙi ya ba shi wuta har ƙarshe, amma injin sai nishi yake yi kamar jakin da aka yi wa lodin raƙumi, salansa na aman baƙin hayaƙi.

Bakaniken jirgin ya taɓa zama a Gaya, yana jin Hausa. Ya ce mini, "Malam, nozul ne, mai fesa mai cikin inji. Sau biyu ina wankewa." Na roƙe shi mu auna tukuna. Na liƙa ɗan farin tef a kan fulin inji na haska na'urar ƙidayar zagaye. Giya a furi, ya wuce 2,500 ba gardama, hayaƙi fes. Da aka sa giya aka taka, ya maƙale a wajen 1,450. Injin da ya kai zagayensa a furi amma ya kasa da kaya, kafin a zargi nozul sai a fara tambayar abin da aka ɗaura masa a baya.

Ashe akwatin giyar asali mai 3:1 ne ya lalace, wato wanda in inji ya juya sau uku sandar farfela ta juya sau ɗaya, aka samo mai 2:1 aka ɗaura, aka bar tsohuwar farfela. Lambarta na nan a buge a gindinta, 26×18. Lambar farko faɗinta ne da inci, ta biyu kuma takunta, wato nisan da za ta ci gaba a juyi ɗaya da a ce ruwa ba ya zamewa. Da giyar 3:1 sandar farfela na juyi 833 a minti. Da 2:1 ana neman ta yi 1,250, alhali ƙarfin murɗawar da ke isa gare ta ya ragu da kashi ɗaya cikin uku. Ita kuwa farfela ba ta sassauci: in aka ninka juyinta sau biyu, ƙarfin da take nema ninki takwas ne. Famfon mai na ta turo mai, iska ba ta isa ta ƙone shi ba, shi ne baƙin hayaƙin. Da haka zafi ke taruwa a kan fistin da bawul, man inji ya yi saurin baƙi, wata rana gasket ya ƙone a tsakiyar ruwa.

Muka lallaɓa da rabin wuta, muka kwana a bakin tafkin Debo, domin matuƙa sun fi son tsallake shi da sassafe kafin iska ta tashi. Can ciyawar burgu ta naɗe sandar sau biyu, sai da yaron jirgi ya nutsa da wuƙa. Kafin Niyafunke muka sami tudun yashi mai ruwa iya ƙugu, aka matsar da buhuna gaba don gindin jirgi ya ɗaga.

Akwai farfelar ajiya a ƙarƙashin benci, 21×12, kuma lissafi ya ba ta gaskiya. 18 sau 833 kusan 15,000 ne, 12 sau 1,250 ma 15,000 ne, wato takun ya yi daidai da sabon juyin, ragin faɗin kuma shi zai sauke wa inji nauyi. Mun fara duba hannunta, don akwai mai juya dama akwai mai juya hagu, kuma wadda ta saɓa wa giya baya za ta ja jirgi. Aka zare fin, aka kwance noti, aka ciro tsohuwar da fula, wato ƙarfen janyo ta daga sanda. Ban yarda a sa guduma ba, domin dukan yana bi ta sanda ya illata boris a cikin giya. Muka gwada sabuwar a kan tsinin sanda ba tare da ki ba, wato ɗan ƙarfen da ke kulle farfela da sanda, muka yi alama, sannan muka sa ki muka tabbatar ta koma kan alamar. In ta tsaya kafin nan, ki ɗin ta hau, kuma za ta yi ta karkarwa. Tazarar bakin kunnenta da katakon jirgi ta haura inci uku. Ana son kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na faɗinta, ƙasa da haka sai a riƙa jin bugu a ƙasan jirgi.

Da cikakken lodi injin ya hau 2,450, hayaƙi ya washe, allurar zafi ta sauko. Gwajin dole da kaya ake yinsa, don jirgin da ya kai zagayensa fanko yana iya kasawa in an loda shi.

Duk da haka na gaya wa mai jirgin a Dire cewa wannan maganin wucin gadi ne. "Maigida, ka nemo 3:1 ka mayar da babbar." Jirgi mai nauyi babbar farfela mai juyi a hankali yake so, wadda ke kama ruwa da yawa. Ƙaramar tana zamewa, kuma mun ga haka wajen tsayawa: in aka sa ribas sai ta yi ta kumfa kafin jirgi ya ji. A dawowa kuwa da gishirin Tawdeni zai hau ruwa ne, ba gangara ba.

Ran kwana na huɗu da la'asar muka ɗaure a Koriyume, tashar ruwan Tumbutu, aka naɗe tsohuwar farfelar a buhu aka mayar ƙarƙashin benci.