Godiya Bayan An Sallamo Auta Daga Asibiti

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Alhamdu lillahi, jiya Laraba bayan sallar la'asar aka sallame mu daga asibiti, kuma Auta ta kwana a kan katifarta a karon farko bayan kwana takwas. Gajiya ta yi mini yawa, domin tun ranar da aka ba mu gado ban haɗa barcin awa uku a jere ba, amma zuciyata ta ƙi yarda in kwanta in huta alhali akwai bashin godiyar mutane masu yawa a wuyana. Yawancinku kun bi abin da ya faru tun daga daren da Abbansu ya nemi a taya mu da addu'a, saboda haka ba zan koma kan yadda muka fita da ita cikin ruwan sama ba, ko yadda ƙafarta, wadda cizon sauro ya zame mata ciwo ta kumbura, ta koma kafin mu isa asibiti. Waɗanda suka zo dubiya a kwanakin farko sun gani da idonsu, kuma na ga yadda wasu suka kau da kai suna share hawaye don kada in gani.

Abin da ba zan manta ba shi ne daren farko a ɗakin yara. Bayan an sa mata allurar kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya, ma'aikaciyar jinyar da ke aikin dare, wadda kowa yake kira Sista, ta zo ta durƙusa a gefen gadon, ta zaro biro daga aljihun rigarta. Ta gaya mini cewa a jikin baƙar fata ba a cika ganin jan da irin wannan ciwo yake yi ba, sai dai wurin ya ƙara duhu, ya yi sheƙi, ya ɗauki zafi, don haka da hannu ake neman iyakarsa. Ta riƙa taɓa ƙwaurin yarinyar da bayan hannunta a hankali, tana bin inda zafin ya ƙare, har ta zagaye wurin duka da layin biro daga ƙasan gwiwa zuwa kusa da idon sawu, sannan ta rubuta lokaci a gefe, ƙarfe 11:40. Ta dube ni ta ce, “Maman Auta, ki sa ido a kan layin nan. Idan kumburin ya tsallake shi, ki taso ni ko me nake yi.”

Na kwana a zaune da fitilar waya a hannu ina haska wannan layi. Wajen ƙarfe uku na dare na ga kumburin ya haura shi da kamar faɗin yatsa ɗaya ta wajen gwiwa. Ban san lokacin da na miƙe ba takalmi ba, kuma ban san abin da na faɗa wa Sista ba. Abin da na sani shi ne bakina ya kasa kama wata addu'a sai Hasbunallahu wa ni'imal wakil. Ba ta tsawata mini ba, ba ta kuma ce ina damunta ba. Ta kira likita, ya zo ya duba, ya ce sau da yawa ciwon yakan ɗan ƙara gaba a kwana ɗaya ko biyu na farko kafin maganin ya rinjaye shi, sannan suka zana layi na biyu a bayan na farko. Sista ta jawo kujera ta zauna kusa da ni har aka kira assalatu, duk da cewa akwai wasu gadajen da ke jiranta, tana tashi ta duba su ta dawo. A dare na biyu kumburin bai tsallake sabon layin ba. Da safiyar kwana na uku na ga fatar ta fara yanƙwanewa, zafin ya ja baya ya koma cikin layin farko, sai na kifa kaina a kan ƙarfen gadon na yi kukan da na riƙe tun ranar da muka zo. Sista, kin hana ni neman sunanki don in rubuta, na kuma bi umarninki, amma Allah Ya san ki, kuma Shi nake roƙo Ya tsaya miki a ranar da babu mai tsayawa wani, kamar yadda kika tsaya mana a wannan dare.

Mutane da dama sun tambaye ni ta waya ko da gaske cizon sauro ne kawai ya kai mu ga wannan hali, wasu ma sun ce lallai akwai wani abu a ƙasa. Cizon sauro ne, kuma likitan yara ya zauna ya yi mana bayanin da nake ganin haƙƙi ne in isar da shi. Macen sauro ce take cizo, kuma idan za ta zuƙi jini sai ta fara zuba yawunta a cikin fata don kada jinin ya daskare. Jikin mutum yakan ɗauki wannan yawu a matsayin baƙon abu, ya saki wani sinadari da ake kira histamin, shi ne yake kawo ƙaiƙayi da ɗan kumburin da kowa ya sani. Amma akwai yaran da jikinsu yake wuce gona da iri, irin abin da muke kira borin jini, har cizo ɗaya ya kumbura kamar ƙwan kaza cikin 'yan awoyi, ya yi zafi, wani lokaci ya yi ƙurji mai ruwa, idan kuma a fatar ido ne idon ya rufe. Auta, da shekararta uku, tana cikin irin waɗannan yara tun tana jaririya, kuma likita ya ce da yawansu abin yakan ragu idan suka girma. Wannan kumburi na farko yakan sauka da kansa cikin 'yan kwanaki. Abin da ya kwantar da mu shi ne susa: ta yi ta sosa wurin da farce cikin barci har fatar ta fashe, ƙwayoyin cuta suka sami ƙofa suka shiga ƙarƙashin fata, daga nan ƙaiƙayi ya koma ciwo, zazzaɓi ya rufe ta, kaluluwa ta fito mata a matsematsi.

Akwai kurakurai biyu da na yi da hannuna, ina kuma faɗarsu ne don wata uwa ta tsira daga irinsu. Da na ga kumburin, na shafa mata man zafi, da bai yi ba na karɓo wani man shafawa mai haɗin magunguna a kemis na riƙa lafta mata a kan fatar da ta riga ta fashe. Likita ya ce irin waɗannan mayuka sukan ƙunshi sinadari mai ƙarfi da ke danne kumburi a ido alhali yana raunana kariyar fata, ciwo yana ci ta ƙasa. Na biyu, da zazzaɓi ya zo ban yi tunanin komai ba sai maleriya, tunda damina ce, na ba ta maganinta kwana biyu ba tare da gwaji ba. Da aka ɗiga jininta a kan abin gwaji a asibiti, babu maleriya a jikinta ko kaɗan. Tana ma shan maganin rigakafin maleriya da ake rabawa gida-gida kowane wata a damina ga yara daga wata 3 zuwa wata 59, kuma na saki jiki saboda shi, na manta cewa yana kare yaro daga zazzaɓin ne, ba ya hana sauro cizonsa. Waɗannan kwana biyu da na ɓata su ne suka fi tsaya mini a rai.

Yanzu an koya mana abin yi tun daga cizon farko. A wanke wurin da ruwa da sabulu, a naɗe ƙanƙara a tsumma mai tsabta a ɗora kamar minti goma, ko a jiƙa tsumman da ruwan randa mai sanyi idan babu ƙanƙara. An rubuta mana maganin ƙaiƙayi na sha mai suna setirizin daidai da shekarunta, da man haidurokotizon mai kashi 1 cikin 100 wanda za a shafa kaɗan na 'yan kwanaki a inda fata ba ta fashe ba, da ruwan kalamin. An ce mu riƙa yanke mata farce duk mako, mu sa mata doguwar riga da wando marasa nauyi da dare. An kuma ja mana kunne cewa idan kumburi ya ci gaba da yaɗuwa bayan kwana biyu, ko wurin ya fara fitar da mugunya, ko zazzaɓi ya shigo, ko abin ya kasance a kewayen ido, to a tafi asibiti a ranar. Idan kuwa leɓe ko harshe ya kumbura, ko numfashi ya fara sarƙewa, wannan ba a jiran wayewar gari.

Na san al'adarmu ba ta son a bayyana mai alheri a bainar jama'a, kuma na san za a yi mini faɗa, amma akwai waɗanda ba zan iya haɗa su a cikin jimla ɗaya in wuce ba. Gwaggona ta Fagge, da ciwon gwiwarta da komai, ita ce ta riƙe mini sauran yaran uku, ta kuma riƙa aiko mana da kunun gyaɗa a fulas kowace asuba, wanda shi kaɗai Auta ta yarda ta sha a kwanakin zazzaɓi. Maƙwabciyarmu Maman 'Yan Biyu, da yake suna da sola, ba ta bar mu mun rasa ƙanƙara ba ko sau ɗaya. Yayana na Zariya ya baro aikinsa ya zo a kwana na biyu, ya je wurin sayar da magani ya biya kuɗin allurai bai gaya wa kowa ba, sai da Abbansu ya je biya aka ce an riga an biya. Akwai kuma direban a-daidaita-sahun da ya ɗauke mu a wancan dare, ruwa ya kai rabin taya, ya bi da mu ta lunguna har ƙofar asibiti, da aka miƙa masa kuɗi ya ce a sa su a cikin na magani. Ba mu san sunansa ba, ba mu riƙe lambar kekensa ba. Idan wannan saƙo ya kai gare ka, ɗan'uwa, ka sani akwai gidan da ake sa ka a addu'a bayan kowace salla.

Matasan layinmu ma sun ba ni kunya ta alheri. Muna asibiti Mai Unguwa ya tara su ranar Asabar suka yashe kwatar da ta toshe tun farkon damina, suka kwashe tsofaffin tayoyi da gwangwanayen da ke bayan gidanmu, waɗanda ashe cike suke da ruwa da tsutsar sauro. Sista ta gaya mini cewa daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana 7 zuwa 10 ne kawai, don haka duk mazubin da ruwa ya kwana mako a cikinsa a buɗe ya zama gidan haihuwarsa, kuma akwai wani sauro mai ratsin fari da baƙi da ke hayayyafa a irin waɗannan mazubai, wanda da rana yake cizo, lokacin da babu wanda ke cikin gidan sauro. Abbansu ya sa raga a tagogi, ya rufe randuna da jarkoki. Tsohon gidan sauronmu ya haura shekara uku, ga huda biyu a gefensa da na daɗe ina cewa zan ɗinke; mun sauya shi da sabo mai magani, mun shanya shi a inuwa awa 24 kafin mu ɗaura, kuma yanzu sai na cusa gefensa a ƙarƙashin katifa na tabbatar ƙafar Auta ba ta jingina da ragar ba, domin ta nan ma sauro yana cizo. Don zaman tsakar gida da magariba an ba mu shawarar man korar sauro mai sinadarin DEET kashi 10 zuwa 30, a shafa a inda tufa ba ta rufe ba, ban da tafin hannu da kewayen ido da baki, kuma ba a shafa wa jaririn da bai kai wata biyu ba. Masu ba ni shawarar in yayyafa fiya-fiya a ɗaki, na gode da kulawarku, amma maganin ƙwarin gona ne, guba ce ga yaron da zai kwana yana shaƙarsa, kuma ba zai shiga ɗakin 'ya'yana ba.

Waɗanda suke nesa suka kira, suka turo saƙo, suka sa aka yi mana addu'a a masallatai da makarantun allo, duk mun ji, mun kuma gode. Akwai 'yan'uwa na jini da muke gari ɗaya da su, tsakaninmu bai wuce kuɗin mota ɗaya ba, waɗanda na yi ta ɗaga kai duk lokacin da aka turo ƙofar ɗakin ina tsammanin su ne. Wataƙila uzuri ne ya riƙe su, kuma na bar wa Allah, zumunci kuma yana nan yadda yake.

Ya Allah, Kai ne Mai warkarwa, babu waraka sai taKa. Ka saka wa duk wanda ya taka ƙafarsa, ko ya buɗe aljihunsa, ko ya ɗaga hannunsa saboda wannan yarinya da mafificin alheri. Ka raya musu zuri'arsu cikin lafiya da imani, kada Ka nuna musu daren da za su zauna suna gadin numfashin ɗansu. Ka jiƙan iyayensu da suka rigaya, Ka haskaka kaburburansu. Ka ba likitoci da ma'aikatan jinyar wannan ɗaki ladan da albashi ba zai iya biya ba. Yaran da muka baro a kan gadajensu, musamman yaron gado na kusa da mu wanda mahaifiyarsa ta riƙa riƙe mini Auta idan zan yi salla, Ya Allah Ka tashi kafaɗunsu, Ka mayar da su gidajensu da ƙafafunsu. Amin ya Hayyu ya Ƙayyum.

Ina roƙon kada ku gaji da yi mana addu'a, domin da sauran tafiya. Za ta ƙarasa maganin sha a gida, kuma an ce mu koma a gwada fitsarinta, saboda wasu daga cikin ƙwayoyin cutar da ke shiga ta fata sukan taɓa ƙoda bayan mako uku zuwa shida. An ce mu lura ko fuskarta za ta kumbura da safe, ko fitsarin ya koma kalar shayin da ba madara. A yanzu dai tana taka ƙafar, tana ɗan ɗingishi, kuma shatin biron Sista bai gama gogewa daga ƙwaurinta ba, har ta hana a cuɗa wurin da soso wai zanenta ne. Masu son zuwa dubiya, muna gida, amma ku daure ku zo tsakanin la'asar da magariba, domin da an idar da sallar magariba nake sa ta cikin gidan sauro.

Wassalamu alaikum.

Maman Auta