Ciyawar da ke girma cikin duhu: darussa daga aikin kelf

Abu na farko da aikin ciyawar tekun sanyi ke cire wa mutum daga kai shi ne zaton cewa tsiro ba ya girma sai rana ta wadata. A gaɓar arewacin Alaska, cikin Tekun Beaufort, akwai wani fili mai duwatsu a ƙarƙashin ruwa da ake kira Boulder Patch, inda wata doguwar ciyawa mai ruwan ƙasa, Laminaria solidungula, ke kama dutse ta zauna. Tana cikin dangin da ake kira kelf. Masanin teku Ken Dunton da abokan aikinsa sun daɗe suna auna ganyenta, suka gano cewa kusan kashi 90 cikin 100 na tsawon da take ƙarawa a shekara tana yin sa ne lokacin da ƙanƙara ta rufe teku, babu haske, sanyin ruwan kuma ya kai digiri 1.8 ƙasa da sifiri.

Dalilin shi ne abubuwa biyu da take bukata ba sa zuwa tare. Idan ƙanƙara ta narke akwai haske, amma ƙananan halittun da ke yawo a saman ruwa sun riga sun shanye naitiret, sinadarin da ke zama taki ga tsiro. Sai ciyawar ta daina tsawo, ta mai da hankali ga haɗa sukari tana adanawa a jikinta, wato laminarin da manitol. Da hunturu naitiret ya dawo, haske ya tafi, sai ta buɗe ajiyarta ta gina sabon ganye. Kamar manomi ne da ya cika rumbu da kaka yana ci har shuka ta gaba. Ranar da ƙanƙara za ta fashe, sabon ganyen ya riga ya shimfiɗu yana jiran haske.

Saboda haka awon tsawo kaɗai yana yaudarar mai bincike. Kelf daga gindin ganye take tofowa, wajen mahaɗarsa da kara, bakin ganyen kuwa kullum zaizayewa yake yi. Wanda ya auna daga gindi zuwa baki zai iya rubuta cewa ba ta girma ba, alhali abin da ta ƙara a ƙasa ne igiyar ruwa ta cinye a sama. Hanyar da ta fi ita ce a huda ɗan rami a tsakiyar ganye, kimanin santimita 10 daga mahaɗar, bayan mako biyu ko wata guda a duba nisan da ramin ya matsa. A kuma yanki ɗan ganye a busar a auna nauyi, domin ganyen da ya yi tsawo cikin duhu yana ƙara faɗi ne yana rage ƙiba.

Darasi na biyu ya fi wuyar karɓa: da yawa daga cikin waɗannan ciyayi ba yanayin yau suke bi ba, tsawon yini suke lissafawa. Klaus Lüning ya nuna haka a tsibirin Helgoland na Jamus, inda Laminaria hyperborea ke fara sabon ganye a tsakiyar hunturu, lokacin da yini ya fi gajarta. A 1989 Joanna Kain ta raba ciyayin teku gida biyu: masu jira yanayi ya gyaru su amsa, da masu riga yanayi shiri. Wanda ya sa nau'i na biyu a tanki ya bar fitila awa 12 a kunne awa 12 a kashe duk shekara, ya rufe idonsa daga rabin halayyarta. Masu renon iri suna cin moriyar wannan hali. Idan suka yanke gindin ganyen wata kelf mai suna Saccharina latissima suka ajiye sauran a yinin awa 8, cikin wasu makonni tabon iri, wato wurin da ƙwayoyin iri ke taruwa a jikin ganye, zai fito ko da ba lokacinsa ba ne.

Zafi kuwa ta wajen kashe ajiya yake fara cutarwa. Duk lokacin da ruwa ya ƙara ɗumi numfashin ciyawar na ƙaruwa, tana ƙona sukarinta da sauri. A lokacin haske za ta iya mayarwa. A Svalbard, tsibiran Norway da ke can arewa, inda rana ba ta fitowa daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Fabrairu, babu hanyar mayarwa, don haka ɗumin hunturu ya fi na bazara haɗari ga wasu nau'o'in. Iyakokin sun bambanta ƙwarai. Saccharina latissima ta fi jin daɗin digiri 10 zuwa 15, tana wahala idan aka haura 20, a 23 kuwa ganyenta na ruɓewa cikin mako guda. Na Antaktika irin su Desmarestia anceps da Himantothallus grandifolius suna girma tsakanin sifiri da digiri 5, kuma suna mutuwa a kusa da 11 zuwa 13, domin tekunsu ya yi miliyoyin shekaru cikin sanyi fiye da na arewa. Kuskuren da ake yawan yi a gwaji shi ne a ɗebo ciyawa daga ruwan digiri 5 a jefa ta kai tsaye cikin na 15. Abin da za a gani firgita ce kawai. Sauya kitsen da ke fatar ƙwayoyin jikinta yana ɗaukar kwanaki, don haka a riƙa ƙara digiri ɗaya ko biyu a yini.

Inda aikin ya fi bukatar natsuwa shi ne haɗuwar sanyi da haske mai ƙarfi. Launukan da ke kama haske, kolorofil da fukozantin, ba ruwansu da sanyi, kama shi suke yi kawai. Sinadaran da ke sarrafa abin da aka kamo su ne sanyi ke rage wa gudu. Rarar ƙarfin da ba a sarrafa ba sai ta koma ɓarna. Haka ke faruwa a Kongsfjorden, wani mashigin teku a Svalbard, idan ƙanƙara ta fashe: ruwa garau, sanyi ƙalau, ciyawar da ta yi watanni cikin duhu ga ta a gaban rana. Kariyarta ita ce sauya wani launi, bayolazantin, zuwa ziyazantin, wanda ke zubar da rarar a matsayin ɗumi. Ana duba wannan da na'urar PAM, mai auna yadda ganye ke sarrafa haske: a matse ganye da maƙali ya zauna cikin duhu kimanin minti 10, a haska masa walƙiya, a karanta adadin Fv/Fm, wato ma'aunin lafiyar sarrafa haske. Lafiyayyar kelf tana ba da kusan 0.7. Da tsakar rana adadin zai sauka, kuma wannan ba ciwo ba ne. Sai an sake aunawa da yamma ko washegari da sassafe: idan ya dawo, kariya ce ta yi aiki, idan ya kasa dawowa, an yi lahani. Awo guda na tsakar rana ba ya isa hukunci.

A gidan reno duk waɗannan suna bayyana a ƙaramin jiki. A yanko tabon iri, a kankare datti, a goge, a naɗe cikin takarda mai ɗan danshi, ya kwana a duhu a digiri 10. Da safe a tsoma shi cikin tataccen ruwan teku mai sanyi iri ɗaya, ƙwayoyin iri su fito har ruwan ya yi ɗan launi. Ana zuba kimanin 5,000 zuwa 10,000 a kowace mililita kan zaren da aka naɗe a bututu. Haske kaɗan ake farawa da shi, wajen maikuromol 20 a ma'aunin ƙarfin haske, a ƙara mako-mako har 100, domin jariran ba sa jure abin da babba ke jurewa. Jan haske yana riƙe su a matakin farko na ƙananan zarurrukan maza da mata da irin ke tsirowa, suna yaɗuwa ba haihuwa. Shuɗin haske ne ke sa su yi ƙwai. Na'urar sanyaya ruwa ta mutu dare ɗaya, ko dayatom, wasu ƙananan halittun ruwa, su mamaye zaren don an manta da jamaniyom dayokzaid, sinadarin da ke hana su yaɗuwa, aikin mako huɗu zuwa shida ya tashi a banza.

Ana yawan cewa raguwar ƙanƙara za ta ƙara wa kelf haske. A wasu wurare haka ne. A Kongsfjorden kuwa narkewar tsaunukan ƙanƙara na kwararo da laka, ruwa ya gurɓace a daidai watannin tara abinci. Da aka kwatanta awon 1996 zuwa 1998 da na 2012 zuwa 2014, an ga kelf ta yi yawa a wurare marasa zurfi, ta ja baya a masu zurfi. Iyakarta a ƙasa tana kusa da inda kashi 1 cikin 100 na hasken sama ke kaiwa. Don haka na'urar auna haske a ɗaure ta a zurfin da ciyawar take, tare da ta auna zafi, su yi shekara cur, a kuma riƙa goge gilashinta, don gansakukar da ke taruwa a kai tana rage karatun.