Godiya Bayan Sujadar Keɓewa

Salama a gare ku 'yan'uwa. Sai yau na samu na zauna tun ranar Lahadi da aka yi sujadar keɓe ni ga aikin ikilisiya, muryata ma ba ta gama dawowa ba. Baƙin ƙarshe, mutanen Tudun Wada, sun kama hanya jiya da la'asar. Wanda ya bugo waya ban ɗaga ba ya yi mini aikin gafara, gajiya ce.

Yabo ya tabbata ga Ubangiji da ya kawo ni ƙarshen wannan horo na aikin fili a ƙasar Sumaila da raina da lafiyata. Ba sai na maimaita muku labarin katangar majami'a da ruwan Agusta ya kayar ba, ko taifot ɗin da ya kwantar da ni lokacin girbin gero. Kuna biye, ku kuka yi ta addu'a, wasunku har da turo kuɗin magani.

Baba Rabaran, faston da na yi horon a hannunsa, ya ja mini kunne kada in sa shi a rubutu. Baba, ka yi haƙuri, yau kam ba zan iya shiru ba. Daga makarantar Littafi Mai Tsarki na zo masa da littattafai cike da jaka, shi kuwa fartanya ya fara miƙo mini. Ya ce wanda bai san kuɗin buhun taki ba, ba shi da bakin yi wa manomi wa'azin zakka da baiko. In ina wa'azi, bencin baya yake zama da ɗan littafinsa. Ranar Litinin sai ya kira ni gindin darbejiya mu bi abin da na faɗa ɗaya bayan ɗaya: wannan a ina ka samo shi, wancan tsohuwar da ba ta karatu ta gane kuwa? Bai taɓa yi mini gyara a gaban jama'a ba. 'Yan'uwa mata biyu da muka yi horon tare, ya sa su cikin jerin masu wa'azi daidai da ni. Da wasu dattawa suka yi gunaguni, tambaya ɗaya ya yi musu: wa aka fara aika da labarin tashin Almasihu in ba Maryamu Magadaliya ba? Ya hana mu aibata addinin maƙwabci a kan bagade, ranar Sallah kuma shi ke gaba mu je gaisuwa gida gida. Yakan tuna mana cewa waɗanda suka riga mu da wanke gyambon kutare a Yadakunya suka shiga zukatan mutane, da asibitin ido na Kano da aka buɗe a 1943. Mahaifinsa da Littafi Mai Tsarki na Hausa na 1932, fassarar su Likita Miller ɗan mishan, ya koyi haɗa baƙi, shi ya sa ajin yaƙi da jahilci na dare a wurinsa ibada ne cikakke.

Akwai dare ɗaya da har yanzu in na tuna gabana ke faɗuwa. Baba ya tafi taro Rano, ni kaɗai aka bari. Kububuwa ta sari wani yaro ɗan ikilisiya a bayan rumbu. Na tarar da shi kan tabarma, ƙafa ta kumbura, jini na tsattsafowa daga dasashinsa. Wani ya ɗauko aska zai tsaga wurin, wani na neman tsumman ɗaurewa, uwar ta riƙe mini riga tana cewa Malam ka yi addu'a, ba inda za a kai shi cikin ruwan nan. Duk idanu a kaina, hannuna na rawa har na kasa danna waya. Da Baba ya ɗaga, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ɗana, kada a tsaga, kada a ɗaure, kada ya taka ƙafar. Addu'ar ka yi ta a kan babur." Babur kuwa babu a unguwarmu sai na ɗan limamin masallacin Juma'a. Liman da kansa ya tashe shi, ya haska mana tocila har bakin rafi, yana cewa Allah ya kiyaye hanya. Ruwa ya kai mana gwiwa, muka tura babur, yaro a bayana. Muka isa babban asibiti aka yi masa allurar kashe dafi. Yaron nan shi ne ya riƙe mini Littafi ranar Lahadi da aka ɗora mini hannu. Malam Liman, da kai da ɗanka da ya ƙi karɓar ko kuɗin mai, Allah ya saka muku da alheri, ya raya zuriya, ya kare ku daga abin da kuke tsoro.

Mama, matar Baba, wadda ta yi jinyata da kunun tsamiya kamar ita ta haife ni, Ubangiji ya ƙara miki ƙarfi. Zumuntar mata da suka kwana a bakin murhu, 'yan kwaya, matasan da suka buga tubalin sabuwar katanga, mai unguwa da ya zauna har aka tashi, Inna mai ƙosai ta bakin kasuwa da ba ta taɓa lissafa mini bashi ba, Tarayyar Masihiyawa, ƙungiyar Kiristoci Hausawa da Fulani, da suka turo wakilai: Allah ya albarkaci gonakinku, ya cika rumbunanku, ya ba marasa lafiyarku sauƙi, kada ya bar ɗayanku cikin kunya.

Kujerun da aka ware wa baffannina na cikin birni haka suka zauna har aka yi addu'ar rufewa. Mahaifiyata ta yi ta waigen ƙofa. Ba komai, wataƙila hidima ce ta yi yawa, Allah ya bar zumunci.

Bayan Kirsimeti zan wuce sabon wurin da aka tura ni, ku sa ni a addu'a. Sababbin ɗalibai kuma za su iso wurin Baba kafin damina, ɗakin da na zauna yana yoyo ta kusurwar gabas. Mai kwanon rufi ko katako, ko da na hannu ne, ya tuntuɓi ma'ajin ikilisiya.