Batikan: Ƙasar da Aka Yanka Daidai Mutum Ɗaya

Duk wanda ya taɓa jin sunan Batikan ya san abu guda a kanta, wato ita ce ƙasa mafi ƙanƙanta a duniya. Faɗinta wajen hekta 44 ne, mazaunanta ba su cika dubu ba, kuma birnin Rum ya kewaye ta ta kowace kusurwa. Mai ƙarfin ƙafa zai zagaye ganuwarta cikin awa guda. Galibi daga nan ake yin murmushi a wuce. Ni kuwa tambayar da ta daɗe tana cina daban ce. Me Fafaroma, shugaban ɗarikar Katolika mai mabiya kusan biliyan 1.4, zai yi da ƙasa? In kuma lallai sai da ita, yaya aka yi wannan 'yar mitsitsiyar ta ishe shi?

Amsar tana cikin asarar da Fafaroma ya tafka a ƙarni na 19. Tun shekarar 756, da wani sarkin Turai mai suna Pepin ya mallaka masa yankuna a tsakiyar Italiya, Fafaroma sarki ne na sosai. Yana da larduna, yana karɓar haraji, yana da soja da kurkuku, har da hauni. Haka aka tafi fiye da shekara dubu. Da guguwar haɗe Italiya wuri guda ta taso, lardunan suka riƙa suɓucewa ɗaya bayan ɗaya, har ya zamana Rum da kewayenta kawai suka rage, su ma don sojojin Faransa na gadinsu ne. A 1870 yaƙi ya ɓarke tsakanin Faransa da Jamusawa, aka janye sojojin. Ranar 20 ga Satumba dakarun Italiya suka fasa ganuwar Rum kusa da ƙofar Porta Pia, suka shige.

Fafaroma Pius na 9 bai haƙura ba. A 1871 majalisar Italiya ta yi doka ta ba shi alfarmar sarauta da kuɗin shekara-shekara, ya ce a kai kasuwa. Hujjarsa kuwa ba ta banza ba ce: abin da majalisa ta ba ka yau da doka, gobe tana iya ƙwacewa da wata dokar. Idan ya karɓa, ya zama talakan sarkin Italiya ke nan, kuma duk maganar da ya yi, Katolikan Faransa da na Austiriya za su ce Italiya ce ta sa masa a baki. Shi da magadansa suka zauna a cikin Batikan suka ƙi leƙowa, suna kiran kansu fursunoni, har tsawon shekara 59.

Sai ranar 11 ga Fabrairun 1929 aka warware. Kadinal Pietro Gasparri ya sa hannu a madadin Fafaroma Pius na 11, Benito Mussolini ya sa a madadin Italiya, a fadar Lateran. Italiya ta amince Batikan ƙasa ce mai cin gashin kanta, ta biya diyyar lira miliyan 750 kuɗi hannu da takardun bashin gwamnati na lira biliyan 1. Shi kuma Fafaroma ya sallama Rum. Ba za a ɓoye ba, hannun da aka gaisa da shi ba mai tsabta ba ne, kuma Mussolini ya ci moriyar wannan sulhu wajen wanke mulkinsa na kama-karya a idon masu zuwa coci. Amma abin lura shi ne Pius na 11 bai nemi a mayar masa da larduna ba. Ya nemi ɗan abin da zai tsaya a kai ya ce nan ba mai iko da shi. A ganina ƙwacen 1870 gobarar Titi ce ga kujerar Fafaroma. Wanda ba shi da manoman da zai tatsa, ba shi da iyakar da zai tsare da bindiga, bakinsa ya fi sakewa.

Lokacin da na je Rum na so in ga iyakar da idona. Ka bi wani ƙaton titi da ake kira Via della Conciliazione, wanda aka rushe tsohuwar unguwa aka fara shimfiɗa shi a 1936 don tunawa da sulhun, ka miƙe har bakin dandalin Bitrus. A nan, in ka duƙar da kai, za ka ga wani siririn layin farin dutse a ƙasa. Shi ke nan iyakar. Ba shinge, ba jami'in shige da fice, ba mai tambayarka fasfo. Mutane na taka shi suna lasar askirim, ba su ma san sun bar Italiya ba. Abin da ya fara nuna mini an sauya ƙasa shi ne akwatin wasiƙa: na Italiya ja ne, na Batikan ruwan ɗorawa, kuma kan sarkin wannan ba ya aiki a akwatin wancan. 'Yan sandan da ke sintiri a dandalin ma na Italiya ne, yarjejeniyar ta ba su dama har zuwa gindin matakalar majami'a. Shi ya sa da Mehmet Ali Agca ya harbi Fafaroma John Paul na 2 a wannan dandali ranar 13 ga Mayun 1981, kotun Italiya ce ta yi masa shari'a, a kurkukun Italiya kuma Fafaroman ya je ya same shi a 1983.

Akwai wani abu da ke rikita mutane, har da masu karanta labarai. Hukuma biyu ce a wurin. Akwai ƙasar Batikan, haihuwar 1929, mai kula da wuta da ruwa da gidan waya da 'yan kwana-kwana. Akwai kuma Kujera Mai Tsarki, wato shugabancin ɗarikar Katolika ta duniya, wadda ta girme ta nesa ba kusa ba. Kujerar ce ke aika jakadu, ita ke da hulɗa da ƙasashe sama da 180, ita ke zaman 'yar kallo a Majalisar Ɗinkin Duniya tun 1964. Ko a shekarun da Fafaroma ba shi da taki ɗaya na ƙasa, ƙasashe ba su daina aiko masa da jakadu ba. Jakadun nan kuwa ba ɗayansu da ke zaune a cikin Batikan, don ba wuri. Masu zama kusa duk a Rum suke, har da na Italiya, wanda ofishin jakadancinsa ke cikin ƙasarsa.

Da wannan matsayi na ba-ruwanmu ake shiga tsakani. Batikan ce ta sasanta Ajantina da Chile a kan rikicin mashigin Beagle, aka sa hannu a 1984 bayan sun kusa gwabzawa. Da hannun Fafaroma Francis a maido da hulɗa tsakanin Amurka da Kyuba a 2014. Shi ne kuma ya zauna da Shehin Azhar, Ahmad al-Tayyib, a Abu Dhabi cikin Fabrairun 2019 suka sa hannu a takardar 'yan'uwantakar ɗan Adam.

Tsarin mulkin cikin gida ba shi da wani ɓoye-ɓoye. Ikon yin doka da na zartarwa da na shari'a duk a hannun Fafaroma suke. Ba jam'iyya, ba 'yan adawa. Sai dai sarautar ba ta gado ba ce, kuma ba shi ke zama yana duba takardun albashi ba. Harkokin waje na hannun Sakataren Ƙasa, Kadinal Pietro Parolin, tun 2013. Gudanar da garin kuma, daga Maris ɗin 2025, yana hannun wata sista, Raffaella Petrini, mace ta farko da ta riƙe wannan muƙami.

Inda abin ya fi armashi shi ne ranar da kujera ta zama ba kowa. Kadinal-kadinal, wato manyan limaman coci da ke biye wa Fafaroma a muƙami, waɗanda ba su kai shekara 80 ba su ne masu zaɓen sarki. A karɓe wayoyinsu, a rantsar da su, a rufe su a ɗakin ibada na Sistine, kowa ya rubuta suna a 'yar takarda ya ninke ya kai gaban bagadi. Sai mutum ya sami kashi biyu cikin uku. Bayan ƙirga a ƙona takardun: baƙin hayaƙi, da saura, fari, an samu. Wannan kulle yana da asali. Bayan rasuwar wani Fafaroma a 1268, masu zaɓe suka taru a garin Viterbo suka yi ta ja-in-ja kusan shekara uku. Da mutanen gari suka gaji, sai suka garƙame su, suka rage musu abinci, suka yaye rufin ginin don rana da ruwa su taya su shawara. Wanda aka zaɓa, Gregory na 10, shi ya mayar da kullen doka a 1274. Na baya-bayan nan bai ɗau lokaci ba. Francis ya rasu ranar 21 ga Afrilun 2025, mutum 133 suka shiga, ranar 8 ga Mayu a ƙuri'a ta huɗu aka fito da Robert Prevost, haifaffen Chicago, ya ɗauki sunan Leo na 14. Shi ne Ba'amurke na farko a kujerar.

Ba a zama ɗan Batikan don an haife ka a can. Aiki ne ke ba ka, ranar da aikin ya ƙare ka ajiye. Wanda ba shi da wata ƙasar kuma, sai ya zama ɗan Italiya kai tsaye. Cikin masu riƙe da wannan takarda akwai dogaran Fafaroma, 'yan Suwizalan ɗin nan masu riga ratsi-ratsi shuɗi da ja da ruwan ɗorawa. Baƙi na ɗaukar su kayan ado ne, alhali kowannensu sai da ya yi horon soja a ƙasarsu. Dole ya zama Katolika, marar aure lokacin shiga, tsakanin shekara 19 da 30, tsayinsa bai gaza santimita 174 ba. Fafaroma Julius na 2 ya kafa su a 1506. Ranar 6 ga Mayun 1527, da sojojin sarki Charles na 5 suka afka wa Rum da wasoso, 147 daga cikinsu suka mutu suna tare hanya, har Fafaroma Clement na 7 ya sulale ta wata hanya da ke kan katanga zuwa sansanin Sant'Angelo. A al'ada ranar ce ake rantsar da sababbi. Labarin da masu yawo da baƙi ke bayarwa cewa Michelangelo ne ya zana musu rigar ba haka ba ne. Wani kwamandansu, Jules Repond, ya tsara ta a 1914.

Maganar gine-gine da zane-zane kuwa, littattafai sun cika da ita, ba sai na tsawaita ba. An gina majami'ar Bitrus a inda Kiristoci suka yi imani nan aka binne Manzo Bitrus bayan an kashe shi zamanin Nero, sarkin daular Rum. Wadda ke tsaye yanzu an sa harsashinta a 1506, ba a keɓe ta ba sai 1626, kuma hanyar da aka bi wajen tara kuɗin gininta, sayar da takardun yafe azaba, tana cikin abin da ya harzuƙa limamin nan Bajamushe Martin Luther a 1517 har coci ta rabe. Ko da aƙidar mutum ba ta yarda da sassaƙa ba, in ya ɗaga kai a ɗakin Sistine ya ga rufin da Michelangelo ya kwashe daga 1508 zuwa 1512 yana zanawa, zai jinjina wa aikin hannu. Sai dai cunkoso ba ya bari ka natsu. Ana tura ka gaba, masu gadi na ta tsawa a yi shiru, ba a ɗaukar hoto, wuyanka ya ƙage kafin ka gama gani. Ni abin da ya fi burge ni ba ya rataye a bango. Kalandar da muke lissafin albashi da ita daga nan ta fito: Gregory na 13 ya gyara ta a 1582, aka kwanta ranar 4 ga Oktoba aka tashi 15 ga wata. Ɗakin karatunsu kuma, wanda aka kafa a hukumance a 1475, yana ajiye da rubuce-rubucen hannu na Larabci masu yawan gaske.

To, da me ake riƙe duk wannan? Ba gona, ba masana'anta, ba harajin albashi. Kuɗin ƙasar Yuro ne, bisa yarjejeniya da Tarayyar Turai, suna kuma buga nasu sulallan da masu tarawa ke rububi. Gidajen tarihi, da miliyoyin mutane ke biya su shiga duk shekara, su ne babbar saniyar tatsa, sai kan sarki da tsaraba, sai gudummawar mabiya da kuɗin hayar gidaje. Har na'urar cirar kuɗi gare su mai magana da Latin.

A nan ne kuma 'yancin da na yaba yake nuna ɗaya fuskarsa. Wurin da ba hukumar waje da ke da ikon buɗe littafinsa, ɓera kan samu wurin ɓuya. Bankinsu, wanda aka kafa a 1942, ya tsunduma cikin badaƙalar rushewar Banco Ambrosiano a 1982, shekarar da aka tsinci shugaban wancan banki, Roberto Calvi, a rataye ƙarƙashin wata gada a Landan. Haka ma batun limaman da suka ci zarafin yara: shekaru aka kwashe ana rufa-rufa a ƙasashe daban-daban kafin a fara kiran abin da sunansa. An yi gyare-gyare tun zamanin Benedict na 16, Francis ya ƙara matsawa. A Disambar 2023 kotun Batikan ta yanke wa Kadinal Angelo Becciu ɗaurin shekara biyar da rabi a shari'ar da ta taso daga cinikin wani gini a Landan da aka tafka asara a kansa. Ya musanta, ya ɗaukaka ƙara. Lauyoyin waɗanda ake tuhuma sun yi ƙorafin cewa ana tsakiyar bincike Fafaroma ya sa hannu a wasu umarni da suka ƙara wa masu gabatar da ƙara iko, kuma ƙorafin abin dubawa ne, tunda mai yin dokar shi ne mai naɗa alƙalan. Da aka zo zaɓen 2025, Becciu ya fara cewa yana da haƙƙin shiga. Ana saura kwanaki a rufe ƙofa ya ba da sanarwar ya janye.