Dala 3,150 da Ta Kusa Raba Magajin Garin Toronto da Kujerarsa

Duk lokacin da aka tayar da zancen shugaban da ya cakuɗa muradin kansa da aikin jama'a, labarin da ke fara faɗo mini a rai shi ne na Rob Ford, wanda ya riƙe kujerar magajin garin Toronto, birni mafi girma a Kanada, daga 2010 zuwa 2014. Abin da ya sa labarin ya tsaya mini shi ne ƙanƙantar kuɗin da aka yi rigimar a kansu, domin dalar Kanada 3,150 ce kacal, kuma ko kwabo ɗaya daga ciki bai shiga aljihunsa ba, amma duk da haka sai da alƙali ya yanke hukuncin ya sauka daga mulki.

Ford ya shafe shekara goma yana kansila a yankin Etobicoke kafin ya zama magajin gari, kuma yana da wata gidauniya da ke saya wa makarantun sakandare kayan wasan ƙwallo, irin ƙwallon nan ta Kanada da ake runguma a hannu ana gudu da ita. Aikin alheri ne, babu mai musun haka. Matsalar ita ce ya riƙa rubuta wasiƙun neman gudummawa a kan takardar ofis mai ɗauke da tambarin birni, kuma cikin waɗanda suka ba da kuɗin akwai masu kamun ƙafa, wato mutanen da sana'arsu ita ce zarya a ofisoshin kansiloli domin nema wa kamfanoni kwangila ko sassauci. A 2010 kwamishiniyar kula da ɗa'ar 'yan majalisar birnin, Janet Leiper, ta binciki lamarin ta ce ya saɓa ƙa'ida, kuma a watan Agusta na shekarar majalisa ta umarce shi ya mayar wa waɗannan masu gudummawar kuɗinsu, wato dala 3,150 ɗin. Bai mayar ba, ko da yake an tunatar da shi sau da dama, sannan a watan Oktoba ya ci zaɓen magajin gari.

A ganina hujjar Leiper ita ce zuciyar maganar. Mai kamun ƙafa da ya sami wasiƙa daga kansila ba ya karanta ta a matsayin roƙon taimakon yara, yana karanta ta ne a matsayin saƙo daga mutumin da gobe zai kaɗa ƙuri'a a kan buƙatar uban gidansa. Idan ya bayar, yana sa ran a tuna da shi, idan kuma ya hana, yana tsoron kada a riƙe shi a zuci. Kyawun manufar da aka tara kuɗin dominta ba ya kawar da wannan matsin, sai ma ya lulluɓe shi ta yadda mai karɓa ba zai ji cewa ya yi wani abin kunya ba.

Zuwa farkon 2012 majalisar, mai kansiloli 44 da magajin gari, ta riga ta dare gida biyu, da wasu 'yan tsakiya da kowane ɓangare ke zawarci. Babban abin da ya raba su shi ne sufuri: Ford ya yi watsi da tsarin ƙananan jiragen ƙasa na saman titi da ya gada, ya dage sai na ƙarƙashin ƙasa, waɗanda suka fi tsada nesa ba kusa ba. Ranar 8 ga Fabrairu, Karen Stintz, wadda da goyon bayansa ta zama shugabar hukumar sufurin birnin, ta jagoranci kansiloli suka kayar da shi da ƙuri'a 25 da 18. Bayan kusan mako biyu magoya bayansa a hukumar suka sallami babban manajanta, Gary Webster, da ƙuri'a 5 da 4, ita kuwa majalisa ta rama ta hanyar rushe shugabancin hukumar ta sake naɗa wasu.

Ana gobe za a yi waccan ƙuri'a ta sufuri, wato ranar 7 ga Fabrairu, aka sake kawo batun dala 3,150 gaban majalisa. Ford ya miƙe ya yi jawabi yana kare kansa, sannan ya kaɗa ƙuri'a tare da waɗanda suka soke umarnin biyan kuɗin. An soke shi da ƙuri'a 22 da 12, ma'ana ko da ya tashi ya fice daga zauren, sakamakon ba zai canja ba. Wannan shi ne abin da ya fi ba ni takaici a cikin labarin gaba ɗaya, domin dokar jihar Ontario, inda Toronto take, a fili take: ɗan majalisar da ke da amfanin kuɗi a cikin batu zai bayyana hakan, ya kame bakinsa, ya janye daga ƙuri'a. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu ma, tunda jadawali na biyar na tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya soma ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata ne da hana jami'i jefa kansa inda muradinsa zai yi karo da aikinsa.

Wani mazaunin birnin ya shigar da ƙara, lauya Clayton Ruby ya tsaya masa. A gaban kotu Ford ya amsa cewa bai taɓa karanta dokar ba, bayan fiye da shekara goma yana majalisa. Ranar 26 ga Nuwamba 2012 mai shari'a Charles Hackland ya ce ya karya doka, ya kuma ƙi karɓar uzurin cewa kuskure ne, domin a fahimtarsa wanda ya rufe ido da gangan ba zai fake da rashin sani ba. Ya ayyana kujerar a matsayin wadda babu kowa a kanta, amma aka jingine hukuncin har a saurari ɗaukaka ƙara.

Ranar 25 ga Janairu 2013 alƙalai uku suka rushe hukuncin, sai dai dalilinsu yana buƙatar lura. Ba su ce daidai ne mutum ya yi ƙuri'a a kan bashin da ake bin sa ba. Abin da suka ce shi ne tun farko majalisa ba ta da hurumin tilasta masa biyan kuɗin, domin dokar birnin ta ba ta damar tsawatarwa ne kawai ko dakatar da albashi har na kwana 90, saboda haka umarnin 2010 bai da tushe, duk abin da aka gina a kansa kuma ya rushe. A watan Yuni kotun ƙolin Kanada ta ƙi sauraron ƙarar. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: majalisar da ta so ladabtar da shi ita ma ta tsallake iyakarta.

Ina ganin Ford ya yi laifi, kuma ina ganin tuɓe zaɓaɓɓen shugaba saboda wannan laifin ya yi tsauri, shi kansa Hackland ya nuna cewa dokar ba ta bar masa wani zaɓi ba. Akwai kuma rashin adalci a cikin dokar da a lokacin ke hana wanda ake tuhuma buɗe baki ya kare kansa a gaban masu hukunta shi. Amma kare kai daban, kaɗa ƙuri'a daban, kuma ƙuri'ar ce ba ni da yadda zan wanke shi daga gare ta. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne gabar da ke tsakanin ɓangarorin biyu ta kai matsayin da da wuya a ga an auna batun a kan ma'aunin ƙa'ida, kowa yana duba ɓangaren da zai amfana, har magoya bayan Ford suka ɗauki ƙarar a matsayin yunƙurin ƙwace abin da aka kasa samu a akwatin zaɓe.

A Nuwamba 2013, bayan ya amsa cewa ya sha hodar ibilis, majalisar ta karɓe yawancin ikonsa da kasafin ofishinsa ta miƙa wa mataimakinsa, Norm Kelly, tunda ba ta da ikon tsige shi. Ya rasu a watan Maris 2016. A 2017 jihar Ontario ta gyara dokar, ta bai wa alƙalai damar zaɓar hukunci daidai da girman laifi, daga tsawatarwa zuwa dakatarwa zuwa tuɓewa, ta kuma yarda ɗan majalisar da ake shirin dakatar da albashinsa ya yi magana a zauren, amma ba ta yarda ya kaɗa ƙuri'a ba.