Ƙaramin Sunan da Ke Jikin Kwali

A shekarata ta farko a bayan kanta, a wani shagon magani da ke Birnin Kebbi, wani dattijo ya yi mini tambayar da duk karatun harhaɗa magunguna da na yi bai ba ni amsarta ba. Ɗan kasuwar shinkafa ne daga wajen Argungu. Ya shigo bayan la'asar, ya zaro wani tsohon kwali daga aljihun babbar rigarsa ya ajiye a gabana. Lipitor ne. Likita ya rubuta masa a Saudiyya lokacin da ya je Umra, aka auna jininsa aka ce kitse ya yi yawa. Ya ƙare, yana neman irinsa, mu kuma ba mu da shi. Na ɗauko masa atorvastatin na wani kamfanin Indiya, miligiram 20 daidai da nasa. Ya juya kwalin gaba da baya, sannan ya turo mini shi da ɗan yatsa.

"Ɗiyata, wanga ba shi na ba. Wanda na kawo miki shi nika so."

Na ce, "Baba Alhaji, wallahi shi ne, suna ne kawai ya bambanta." Ya tambayi kuɗinsa. Da na faɗa, maimakon ya yi murna sai ya ƙara ja da baya. Ya ce abin da ya saya da tsada a Makka ba zai yiwu a ba shi da kuɗin goro a Kebbi ba, araha ba ta ado. In kuwa ɗaya ne, in gaya masa dalilin da ya sa wannan ya faɗi haka. Na yi shiru. Na san yadda maganin yake hana hanta sarrafa kolestirol, wato kitsen jini, na san a faɗa wa mai sha ya dawo idan ya ji ciwon gaɓɓai da tsoka, amma dalilin arahar ban sani ba. Ya mayar da kwalinsa aljihu ya fita.

Wannan shirun ne ya tura ni karatun haƙƙin mallakar ƙirƙira. A taƙaice yarjejeniya ce tsakanin mai ƙirƙira da hukuma: ka rubuta wa duniya yadda abin da ka gano yake, a ba ka shekara 20 daga ranar da ka shigar da takardarka, ba wanda zai yi irinsa ya sayar sai da izininka. Dokarmu ta 1970 haka ta tanada, Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ma wa'adin da ta ɗora wa ƙasashenta ke nan tun 1995. Rabin shekarun nan sau da yawa a gwaje-gwaje suke tafiya kafin maganin ya shiga kasuwa, shi ya sa kamfani yake matse farashi a sauran da ya rage masa. Atorvastatin a 1985 wani masani mai suna Bruce Roth ya haɗa shi a Amurka, ya shiga kasuwa a 1997, ya tara wa masu shi fiye da dala biliyan 100. A ƙarshen Nuwamban 2011 wa'adinsa ya cika a Amurka, ƙofa ta buɗe, farashi ya zube. Ƙwayar ba ta canza ba. Takarda ce ta mutu.

A cikin karatun na ci karo da abin da ya faranta mini rai. Kakan duk wannan dangin magunguna daga funfuna aka same shi. Wani Bajapane, Akira Endo, ya gwada funfuna kusan iri 6,000 kafin a 1973 ya dace da wadda ta tsiro a kan shinkafar wani shago a birnin Kyoto. Nasa maganin bai kai kasuwa ba, na kamfanin Merck ne ya fara fita a 1987. Endo ya rasu a 2024 yana da shekara 90. Da Alhaji ya dawo bayan wasu makonni, ɗansa ne ya tiso shi gaba don ya zauna ba ya shan komai, sai na fara da labarin shinkafar. Ya yi dariya, ya gyara zama. Na jera kwalayen biyu a kan kanta, na rufe babban sunan da babban yatsana, na nuna wa ɗan ƙaramin rubutun da ke ƙasa. Yaron ya bi shi harafi bayan harafi a kwali na farko, ya bi a na biyu, ya ce, "Baba, iri ɗaya ne." Na nuna musu lambar NAFDAC. Ban raina tsoron Alhaji ba, don jabun magani gaskiya ne a kasuwanninmu, kuma wanda maciji ya taɓa sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Abin da yake bukata shi ne a nuna masa inda zai duba da idonsa, ba a yi masa rantsuwa ba.

Kitsen jini dai ciwo ne mai ba da lokaci. A wajen hanta ne al'amarin haƙƙin mallaka ya fi tsaya mini a rai.

A Disamban 2013 aka amince da sofosbuvir a Amurka, maganin da ke warkar da ciwon hanta nau'in C cikin mako 12 idan an haɗa shi da wani maganin da ake sha tare da shi. Warkewa nake nufi, ba lallaɓawa ba. Kafin shi allura ake yi wa mutum kusan shekara guda, ya sha wahala, kuma da yawa ba su warke. Kamfanin Gilead ya sa wa ƙwaya ɗaya dala 1,000, wato dala 84,000 kafin a gama sha. Hujjarsu ita ce sun sayi kamfanin da ya gano shi a kan dala biliyan 11 a 2011. Ni ban yarda da masu cewa a soke haƙƙin mallaka gaba ɗaya ba, don wanda ya yi noma yana da haƙƙin girbi, kuma ba mai zuba dukiya a binciken da wani zai kwashe washegari. Amma ƙwaya ɗaya a kan kuɗin da manomin fadama ba ya gani a damina da rani, wannan ya wuce girbi. Mai ciwon hanta ba shi da shekara 20 da zai jira takarda ta mutu.

Masar ba ta jira ba. Ita ce ta fi kowace ƙasa yawan masu wannan ciwo a lokacin idan aka kwatanta da adadin jama'arta, kuma a 2014 ofishinta na rajistar ƙirƙira ya ƙi ba da haƙƙin mallakar maganin, kamfanonin cikin gida suka shiga yin sa. A 2018 suka fita gwajin jama'a, suka auna fiye da mutum miliyan 50, wanda aka samu da ciwon aka ba shi magani. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana Masar a matsayin ƙasa ta farko da ta kai matakin zinare a hanyar kawar da ciwon. A wancan 2014 ɗin kuma Gilead ta ba kamfanonin Indiya 7 izinin yin maganin don ƙasashe 91 masu ƙaramin ƙarfi, har da Nijeriya. Ta wannan ƙofar ya iso kantocinmu. Duk lokacin da na karanta labarin Masar sai na ji kishi, irin kishin da ke sa mutum ya ce mu ma ai za mu iya.

Sai dai namu babban ciwon nau'in B ne. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin 100 na manyanmu suna ɗauke da shi, nau'in C kuwa kashi 1.1. Shi B ba a warkar da shi tukuna, danne shi ake yi, kuma ba duk mai ɗauke da shi ne ke bukatar magani ba, likita ne ke tantancewa. Tenofovir da ake danne shi da shi yanzu kamfanoni da yawa ke yi, ba ya cikin masu tsada. A nan ne na ɗauka an gama, tunda katangar farashi ta faɗi. Kuma a nan ne na yi kuskuren da har yau yake damuna.

Wani matashi ne, manomin shinkafa. Ya je ba matarsa jini aka ce nasa ba zai yiwu ba. Bayan gwaje-gwaje likita ya ɗora shi a kan tenofovir. Ya zo wurina da takarda, ni kuma ina cike da sabon ilimina, na zaɓo masa mai sauƙin kuɗi, na yi masa bayanin babban suna da ƙaramin suna har ya gamsu. Na ce ƙwaya ɗaya kullum. Abin da ban faɗa ba shi ne kada ya kuskura ya daina sai da izinin likita, domin idan aka yanke maganin kwatsam ƙwayar cutar tana iya tasowa da ƙarfi ta ƙona hanta. Ya sha na wasu watanni, ya ji garau, lokacin shuka ya zo kuɗi suka tafi wajen taki da man injin ban ruwa, ya bari. Ranar da yayansa ya shigo da shi idanunsa sun yi ɗorawa, fitsarinsa kamar ruwan shayi. A gida an ce shawara ce, an yi ta jiƙa masa saiwoyi. Ya dube ni ya ce, "Malama, ai ba ki ce kar in bari ba." Gaskiya ya faɗa. Allah ya yi da sauran kwanansa, ya kwanta asibiti ya tashi.

Tun daga ranar ba na miƙa wa kowa wannan magani sai ya maimaita mini da bakinsa cewa ba a dainawa. Ina rubuta ranar da zai ƙare a jikin robar, ina karɓar lambar waya. Na kuma lura cewa abin da ke korar mutane yanzu ba kuɗin ƙwayar ba ne, kuɗin gwajin da ke ƙirga yawan ƙwayar cuta a jini ne, ga kuɗin mota daga ƙauye zuwa inda ake yi. Mutum yana iya sayen maganin wata da wata, amma ba ya iya biyan gwajin da zai nuna ko yana bukatarsa. Wannan katangar ba wata takarda a Amurka da za ta cika wa'adi ta rushe mana ita.

Akwai kuma wanda ya fi duka araha, don kyauta ne, wato rigakafi. Baruch Blumberg, wanda ya gano ƙwayar cutar nau'in B ya ci kyautar Nobel a 1976, shi da abokin aikinsa suka fara yin rajistar hanyar haɗa rigakafinta, kuma ranar haihuwarsa, 28 ga Yuli, ita ce ranar ciwon hanta ta duniya. Tun 2004 rigakafin yake cikin allurar yara a Nijeriya. Ta farko ana so jariri ya same ta cikin awa 24 da haihuwa, don a lokacin ne cutar ta fi kama yaro ta zauna masa har girma. Mu kuwa a gida ake yawan haihuwa, kuma ba a fita da jariri sai an yi suna.

Na faɗa wa manomin nan haka lokacin da ya gaya mini matarsa na da ciki, tunda ita ma an auna an same ta da shi. Wata safiya wayata ta yi ƙara, ya ce an sauka da asuba, namiji, amma gwoggonsa ta ce ba inda za a kai jinjiri kafin kwana bakwai. Na ce ya ba ta wayar. Na gaishe ta, na yi mata barka, na ce, "Gwoggo, ke za ki riƙe shi da hannunki, ki rufe shi da zanenki, a yi masa ku dawo." Ta yi jim, ta tambaya ko allurar za ta hana wankan jego. Na ce ba ruwanta da mai jego. Kafin azahar ya turo mini hoton katin rigakafin, da kwanan wata a layin farko.